Ƙafar dama ta bashen Baba

Ni ba ni da haƙuri, kowa a gidanmu ya sani. Inna takan ce ko a ciki ban bari wata tara ya cika ba. Shi ya sa ranar da Baba ya ce motarmu ba za ta sake fita ba sai an canja mata rulma, na ji kamar in tura ta cikin tabki in huta.

Motar tsohuwar bashe ce, irin mai buɗaɗɗen baya. Da ita Baba ya ciyar da mu shekara da shekaru, yana kai kifi da tumatur da albasa daga Madarumfa zuwa Maraɗi. Sai ciwon suga ya soma cin idonsa a hankali, har ya zamana haske da duhu kawai yake rarrabewa. Mu biyu ya haifa, ni da Yaya, duka mata. Da na bar lise, wato sakandare, ya kai ni fili a bakin tabki inda ruwa ya janye, ya koya mini tuƙi, na je Maraɗi na yi farmi, takardar izinin tuƙi. Mutane sun yi magana, wasu har yau suna yi. Ni nake riƙe da mota, shi yana gefena yana saurare, haka muka ci gaba da jigila.

A bazarar da nake ba da labari, Yaya ta dawo gida da tsohon ciki. Mijinta yana ci-rani a arewa. Haihuwarta ta farko aiki aka yi mata, kuma jaririn bai zo da rai ba. Ungozomar likita ta gaya mana ɓaro-ɓaro: da ta ji ciwon farko a wuce da ita Maraɗi, kada a tsaya jiƙa magani, kada a tsaya jiran kowa. Motocin haya sai sun cika suke tashi. Saboda haka bashen nan ce dogaronmu, kuma kullum tana tsaye a ƙofar gida da mai a cikinta, hancinta yana kallon hanya.

Muna dawowa daga Maraɗi wata ranar Asabar, Baba ya ɗaga hannu.

“Rage gudu. Karkata hagu kaɗan. To, koma dama.”

Sai a lokacin na ji abin da yake ji, wani gurnani daga ƙasa kamar ana niƙa a gidan maƙwabta. In na karkata gefe guda ya ƙaru, in na koma ya lafa.

“Rulma ce,” ya ce. “Ta gaba.”

“Baba, ai ta kai mu ta dawo da mu.”

“Ta kai mu yau. Kina so ta tsaya da ƴar'uwarki tsakiyar daji?”

Rulma, ga wanda bai sani ba, zoben ƙarfe ne mai ƙananan duwatsun ƙarfe jere a ciki, a kansa ƙafar mota take juyawa. In ya ci ya ƙare, ƙafar takan ƙage, wani lokaci ma ta fita ta bar motar.

Makanikin garinmu ya tafi ta'aziyya garin Sarkin Yamma, an ce sai ya yi bakwai. Baba ya ce ko yana nan ba zai ba shi ba, don shi komai da guduma yake gyarawa. Na ce to wa zai yi? Ya ce, “Ke mana. Hannu naki, sani nawa.” Wani direba abokinsa ya sayo mana rulma daga Maraɗi, ta hagu da ta dama, da gwangwanin giris. Na ce ƙafa ɗaya ke kuka, me ya kawo biyu? Ya ce tare suka tsufa.

Ranar Talata da safe muka shigo da motar ƙarƙashin dogon yaro a tsakar gida. Yaya tana kan tabarma, ƙafafunta sun kumbura, tana ɓarar gyaɗa tana kallonmu.

“Auta, in kin gama ki duba mini kwankwasona, shi ma gurnani yake.”

“Ke naki ya wuce giris,” na ce.

Na jawo kirik zan ɗaga mota, Baba ya ce a'a. Sai na tokare ƙafafun baya da duwatsu, na sassauta ekurun taya, wato notocin da ke riƙe ta, tun tana ƙasa, sannan in ɗaga. Da na ɗaga ya sa na mirgino kututturen gawo na sa a ƙarƙashi. Ya lalluba da hannunsa ya tabbata ƙarfen motar ya zauna a kai.

“Kirik ɗagawa ce aikinshi,” ya ce. “Riƙewa ta itace ce.”

Daga nan ya kira Inna ya ce ta ba shi faifai biyu. Inna ta ce faifanta na bakace za a ɓata da baƙin mai? Ya ce zai saƙa mata sabo. Ta ce, “Da wane idon?” Ya yi dariya har da tari. Ta kawo dai, ta shimfiɗa tsumma a kai. Tsarinsa shi ne, duk abin da na cire in ajiye shi a faifai daga hagu zuwa dama, bi da bi, don in ya bi da yatsa ya san inda muke, kuma in an zo maidawa a fara daga dama. Marfi, sai ƴar allurar ƙarfen da ke hana ekuru juyawa, sai ekuru, sai zobe, sai rulmar waje. Birkin kuma na ɗaure shi da igiya a sama don kada ya yi lilo da jijiyarsa. Sau biyu na jefa abu a faifai ba bisa layi ba, sau biyu yatsansa ya tsaya a wurin.

“Uwar sauri, wannan ba nan ne gidanshi ba.”

Da na zaro cibiyar ƙafar gaba ɗaya na wanke tsohuwar rulma da gazuwal, wato man dizal, na ba shi. Ya murza ta kusa da kunnensa. Ko ni na ji tana ƙaras-ƙaras kamar tsakuwa cikin shinkafa. Inna ta leƙo, ta ga ƙarfe baƙi ƙirin, sai ga ta da toka da yashi a ƙwarya za ta goge mana kamar tukunya. Ƙarar yashin Baba ya ji.

“Mi ke cikin ƙwaryar nan?”

“Yashi ne, in taimaka muku.”

“Ki tahi da shi bayan gida, don Allah. Ƙwaya ɗaya in ta shiga nan, mun yi aikin banza.”

Inna ta tafi tana cewa ita duk abin da ta goge a rayuwarta bai taɓa kawo ƙara ba.

Akwai zobe biyu da ke zaune daram cikin cibiyar, su ne gadon da rulma ke kwanciya. Na fitar da tsofaffin da kurfi, wani guntun ƙarfe da ake dafawa a buga, ina bugun nan, ina bugun can, kamar yadda ya ce. Sababbin kuma suka ƙi shiga. Na ɗauki guduma. Ya riƙe mini hannu, ban san yadda ya san na ɗauka ba. Ya sa na ɗora cibiyar a kan kwanon rufi cikin rana, na kuma je gidan maƙwabciyarmu mai sayar da ƙanƙara na karɓo, na naɗe zoben a leda na nutsa cikin ƙanƙarar. Muka zauna jira. Jira! Na zagaya tsakar gida ya fi sau goma. Yaya ta ce in zo in taya ta ɓara, na ce ba na iyawa. Da Baba ya ce lokaci ya yi, na ɗauko cibiyar da tsumma tana ƙuna, na ɗora zobe mai sanyi, na aza tsohon a kansa na ƙwanƙwasa a hankali. Ya sulale ciki kamar dama can yana so. Baba yana jin bugun, har sautin ya sauya ya zama cikakke, ya ce, “Ya zauna. Bari.”

Wannan abu na san shi a takarda. A lise an koya mana ƙarfe yana buɗewa da zafi yana tsukewa da sanyi, har maki mai kyau na samu. Ban taɓa tunanin zan gan shi a tsakar gidanmu ba.

Giris kuma wani yaƙin ne. Na shafe rulmar ta waje na miƙa masa. Ya tura yatsa tsakanin duwatsun.

“Wannan ai man salla kika shafa mata a fuska. Cikin nika so ya ƙoshi.”

Ya sa na ɗebi giris a tafin hannu, in dinga danna bakin rulmar a kai, kaɗan-kaɗan, ina juyawa, har giris ɗin ya ɓullo ta sama. Hannuna ya gaji, kunkumina ya riƙe. Azahar ta yi kafin mu maida komai a ƙafar hagu, saura ekuru. Na ɗauko kile, ƙarfen ɗaure ekuru.

“Ɗaure da kile, kina juya ƙafar. Ƙara. To, ya isa, rulma ta zauna. Yanzu sassauta.”

“In sassauta?”

“Sassauta duka. Yanzu maida shi da yatsa biyu, har ya tsaya. Shi ke nan. Sa allura.”

“Da yatsa, Baba? Yaya za mu ɗauka a motar nan.”

“Shi ya sa. In ta yi gudu ta ɗauki zafi, tana son wurin numfashi. Allurar ce ke riƙe ekuru, ba ƙarfinki ba.”

Na yi yadda ya ce, hannunsa yana kan nawa. Amma zuciyata ba ta yarda ba.

Ƙafar dama ta fi sauri, tunda na riga na san hanya. Mun kai ga maida cibiya sai ladan ya kira la'asar. Tsohon da ke maƙwabtaka da mu ya yi sallama, shi ne kullum suke tafiya masallaci tare. Baba ya wanke hannu, ya ce, “Ki jira ni kan ekuru.”

Ban jira ba. Na ɗaure, na sassauta, na maida da yatsa biyu. Na sa taya na kama ta sama da ƙasa na girgiza, sai na ji wani ɗan motsi, ƙanƙani, da ƙyar ake jin sa. Na waiwaya na ga Yaya ta yi barci a gefe guda, bakinta a buɗe, cikin nan ya yi mata tsini. Na tuna ranar da aka dawo da ita daga Maraɗi hannu wofi, da yadda ta kwana uku ba ta ce uffan ba. Na ce a raina, wallahi ƙafar nan ba za ta fita da ƴar'uwata a ciki ba. Na ɗauki kile, na zura masa guntun bututun ruwa don ya ƙara tsawo, na danna da dukan nauyina har ramin allura ya daidaita. Na rufe marfi, na sauke motar ƙasa. Da Baba ya dawo har na tattara faifai.

“Kin gama?”

“Na gama.”

“Kamar waccan kika yi?”

“Kamar ita.”

Motar tana ƙasa, ba halin ya juya ƙafar ya ji. Ya ce, “To, mu tahi mu gwada.”

Muka hau hanyar Maraɗi. Babu gurnani, tsit. Na ji kaina ya yi girma, har na soma tsara yadda zan gaya wa makaniki in ya dawo. Ba mu yi nisa da gari ba Baba ya ce in tsaya. Ya sauka yana dafa jikin motar, ya durƙusa, ya ɗora bayan hannunsa a marfin ƙafar hagu. Ya zagaya ta gaba zuwa dama, ya ɗora. Da sauri ya janye.

“Zo ki taɓa.”

Na taɓa. Kamar murfin tukunyar da ke kan wuta. Giris har ya soma narkewa yana tsatsowa ta bakin marfin, yana wari.

“Da mi kika ɗaure?”

“Da kile.”

“Kile da mi?”

Na kau da kai. Ya jira. Baba ya iya jira, zai iya jiran mutum har ya tsufa.

“Da bututu.”

Na ɗauka zai yi faɗa. Na fi son ma ya yi, don in samu abin mayarwa. Sai ya zauna a ƙasa, ya jingina da taya, ya ce, “Da da ƴar'uwarki muka fito, kafin rabin hanya ƙafar nan ta ƙage. Ke da ita da uwarku, cikin rana, ni kuma ba ido.” Na koma bayan motar na yi kuka, irin kukan haushi, ina cizon mayafina don kada ya ji. Ya ji mana.

Muka jira ƙarfen ya huce. Wani mai amalanken jaki ya zo wucewa da buhunan ƙaiƙayi, ashe sun san juna.

“Alhaji, lafiya? Ko ɗiyar ta kashe maka mota?”

“Gwaji muke. Jakinka ne nika ji yana ɗingishi, ka duba ƙafarshi ta baya.”

Mutumin ya sauka ya duba, ya ce wallahi ƙaya ce. Ya tafi yana sa wa Baba albarka, ya manta da ni.

A nan bakin hanya na ɗaga motar na sassauta ekurun, muka koma gida a hankali kafin magariba.

Washegari da sassafe ya ce in kwance ƙafar dama duka. Inna ta ce, “Ba jiya kun gama ba?” Na sunkuyar da kai ina jiran ya faɗa. Ya ce, “So nike in sake ji da hannuna.” Ta ce shi dai da motar nan sai Allah, ta wuce madafa.

Na wanke sabuwar rulmar tas da gazuwal. Ya bi duwatsun ɗaya-ɗaya da babban yatsa, bai ji kaushi ba. Sannan ya miƙo mini.

“Abin da ya rage ba ni iya ji. In ta ƙone, launinta yakan koma shuɗi. Ki kai ta haske ki hwaɗa mini.”

Na karɓa. Jiya-jiya na yi masa ƙarya, yau kuma ba shi da wasu idanu sai nawa. In na ce ta ƙone, sai an sake aikawa Maraɗi, motar ta kwana a kan kututture, Yaya kuma tun asuba take cewa bayanta yana mata nauyi. In na ce lafiya lau, zai yarda. Na fita tsakiyar rana na juya ta sau uku.

“Fari ne kamar azurfa. Amma akwai wuri guda a zoben waje da ya yi duhu. Ban sani ba ko ƙuna ce.”

“Goge da tsumma mai gazuwal.”

Na goge. Duhun ya bi tsumma ya fita, ashe busasshen giris ne.

“Ya fita, Baba.”

“Kin tabbata?”

“Na tabbata.”

“To, cika ta.”

Na cika ta da giris a tafin hannu, ban yi gunaguni ba. Ya ɗauko sabuwar allura daga gwangwanin madarar da yake tara ƙananan ƙarafa, don ba a maida wadda aka riga aka lanƙwasa. Da muka zo kan ekuru na matsa don ya sa hannunsa a kan nawa. Ya naɗe hannayensa a cinya.

“Yi. Kin san yadda aka yi.”

Na ɗaure ina juyawa, na sassauta, na maida da yatsa biyu. Muka sake fita gwaji, muka wuce inda muka tsaya jiya. Duka ƙafafun ɗumi kawai suka yi.

Ranar Alhamis da hantsi Yaya ta ajiye kofin kunu ta dafa bango. Ban taɓa ganin Inna ta yi gudu ba sai ranar. Muka sa Yaya a gaba, Inna a gefenta ta rungume ta. Baba ya hau baya ya zauna a kan katifa. Kafin in tada mota ya leƙo ta taga ya ce in ya ji wani abu zai buga rufi sau ɗaya, in tsaya ko mi ake ciki.

Hanyar nan na bi ta ba adadi, amma ranar kamar an ja ta an ƙara mata tsawo. Yaya ta damƙe mini hannu har farcenta ya shiga.

“Auta, in kika jefa ni rami ban yafe ba.”

“Sakar mini hannu in canja gudu, ke!”

“Ku yi salati ku bar faɗa,” in ji Inna.

Kunnena ɗaya yana wajen Yaya, ɗaya yana kan rufi. Kowace gargada na ɗauka bugun Baba ne. Muka wuce gonaki, muka wuce amalanke, muka shiga cunkoson Maraɗi da ƴan kabu-kabu. Bai buga ba.

Da muka isa asibiti aka shiga da ita, Inna ta bi su har inda aka tsaida ta. Ni na tsaya a baranda ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Sai na tuna na bar Baba a mota. Na fito da gudu na same shi ya sauka shi kaɗai, ya durƙusa a gaban ƙafar dama, bayan hannunsa yana kan marfi.

“Zo ki taɓa.”

Ɗumi kaɗan, bai kai na goshin mai lafiya ba. Na zauna kusa da shi a ƙasa cikin inuwar motar, muka jira tare. A nan muka yi azahar. La'asar ta kusa Inna ta fito tana share ido da bakin zane, ta ce an yi aikin, mace ce, tana ta tsala kuka, uwar ma ta farfaɗo. Baba ya ɗaga hannu sama ya daɗe bai sauke ba.

Ranar suna makaniki ya zo, ya zagaya motar, ya girgiza ƙafafun gaba, ya tambayi wa ya yi aikin. Ina jin su daga zaure. Baba ya ce, “Autata. Daga farko har ƙarshe.” Bai ambaci bututu ba, ranar ko bayanta. Inna da Yaya ba su taɓa jin labarin ba, sai dai in wani ya karanta musu wannan.

Har yanzu ba ni da haƙuri. Jiya ma na ƙona baki da shayi. Amma duk inda na tsaida motar nan nakan zagaya in ɗora bayan hannu a ƙafafun gaba, ƴan tasha suna mini dariya suna cewa ko zazzaɓi nake auna mata. Ƴar Yaya ta soma tafiya, ita ce ke jan Baba da yatsa zuwa inuwa. Bututun kuma Inna ta tsince shi, tana tokare ƙofar akurki da shi. Allah ya saka wa tsohon nan da alheri, ya ƙara masa kwana mai amfani.